Yadda ake auna lokaci a Scratch da gyara wasa ya yi gudu ɗaya a kowace kwamfuta

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne wata rigima da ta tashi tsakanin yaran da nake koya wa Scratch ranar Asabar, manhajar nan da ake haɗa wasa da ita ta hanyar jera bulo masu ɗauke da umarni. Wata yarinya ta haɗa wasan tarar mangwaro, mangwaro na faɗowa daga sama kai kuma kana matsar da kwando hagu da dama kana tarewa, an baka daƙiƙa 60, wanda ya fi tara da yawa shi ya ci. A laftof ɗina wasan lafiya lau, yara suna tara 40 da wani abu. Da aka kai shi tsohuwar kwamfutar da ke lungu, wadda fankarta ke ƙara kamar injin markaɗe, sai mangwaron ya koma saukowa a hankali kamar ana sakko da shi da igiya, amma daƙiƙa 60 ɗin nan ba ta rage gudu ba ko kaɗan, to duk wanda ya buga a can da ƙyar yake kai 25, sai kuka da cewa an yi magudi. Ba wanda ya yi magudi. Wasan ne aka gina shi yana ƙirga motsi da firam, wato duk sanda aka sabunta hoton allo, agogonsa kuma yana ƙirga lokaci na gaskiya, su biyun ba sa tafiya tare sai kwamfuta na da ƙarfi.

Wannan matsalar ita zan nuna yadda ake ganota da yadda ake gyarata, mataki mataki. Sunayen bulo zan rubuta su yadda suke a allo da Turanci saboda ka iya nemo su, sauran bayanin duk da Hausa ne. Inda na ce ɗan wasa ina nufin abin da Scratch ke kira sprite, wato magen nan da Scratch ke buɗewa da ita da duk wani hoto da kake baiwa umarni, inda na ce ma'aji kuma ina nufin variable.

Da farko sai ka san yadda Scratch ke ƙirga lokaci

Scratch dai an ƙirƙiro shi a MIT Media Lab da ke Amurka, ƙungiyar Mitchel Resnick, ya fito 2007, wanda muke amfani da shi yanzu kuma shi ne Scratch 3.0 da ya fito Janairun 2019. Abin da ya kamata ka riƙe game da shi guda ɗaya ne: yana sabunta hoton fili, wato wajen da wasan ke bayyana a allo, sau 30 a kowace daƙiƙa. Kowane sabuntawa ɗaya shi muke cewa firam, kenan firam ɗaya wajen milisakan 33 ne. Kuma ba duka 33 ɗin yake baiwa bulo ɗinka ba, kusan kashi uku cikin huɗu yake ba su, wajen milisakan 25, ragowar ya bar wa zanen hoto.

To idan ka sa forever ka sa move 10 steps a ciki, Scratch ba zai yi ta maimaitawa da iya ƙarfinsa ba, zai matsa taku 10 sai ya tsaya ya jira a zana hoton, sannan ya sake. Wannan dabara ce da gangan aka sa ta saboda yaro ya ga magen tana tafiya da idonsa, ba don haka ba da ƙiftawa ɗaya ta kai ƙarshen allo. Yi lissafi: taku 10 sau 30, taku 300 kenan a daƙiƙa. Faɗin filin Scratch taku 480 ne, tsayinsa 360, kenan magen za ta ratsa daga wannan gefe zuwa wancan cikin daƙiƙa 1.6. Amma fa wannan sai idan kwamfutar ta iya gama aikin kowane firam a kan lokaci. In aiki ya yi mata yawa ta koma firam 15, magen nan har yanzu taku 10 take yi a firam, sai dai yanzu daƙiƙa 3.2 za ta ɗauka. Abin da ya samu mangwaron yarinyar nan kenan, ba ƙari ba ragi.

Mataki na ɗaya, haɗa ma'aunin firam

Kar ka taɓa komai a wasanka kafin ka haɗa wannan. Na sha ganin mutum ya ce wasana ya yi nauyi, sai ya kama goge kaya da ka, ya cire sauti ya cire hoton baya ya rage launi, a ƙarshe wasan ya lalace nauyin kuma yana nan, domin bai san daga ina yake fitowa ba. A auna tukuna.

Je wajen Variables ka ƙirƙiri ma'aji huɗu, dukkansu for all sprites: yanzu, ɗazu, tazara, firam. Sai ka duba cikin Sensing ka ɗauko bulon nan mai suna days since 2000. Wannan bulon yana baka adadin kwanakin da suka wuce tun farkon shekarar 2000, har da ɗigo-ɗigon da ke bayansa, in ka ninka shi da 86400, wato yawan daƙiƙun da ke cikin kwana ɗaya, ka samu agogo mai ƙirga daƙiƙa har zuwa milisakan. A ƙarƙashin when green flag clicked ka fara da set ɗazu to days since 2000 * 86400, sannan ka kawo forever ka jera waɗannan a ciki:

set yanzu to days since 2000 * 86400
set tazara to yanzu - ɗazu
set ɗazu to yanzu
set firam to round 1 / tazara

Ma'anarsa a sauƙaƙe, kowane zagaye muna duba agogo, mu cire lokacin da muka duba a zagayen baya, abin da ya rage shi ne tsawon firam ɗin da ya wuce. In tazara ta fito 0.033, ɗaya raba 0.033 ya baka 30. In ta fito 0.066 ka san kana kan 15.

Akwai wani tarko a nan da zai iya rikita ka. Scratch yana jiran zanen hoto ne kawai idan akwai abin da ya motsa ko ya canja a fili. In ka sa wannan forever ɗin shi kaɗai a wasan da ba abin da ke motsi, zai yi ta zagayawa sau da yawa a cikin firam ɗaya, sai ka ga lambobin banza, wani lokacin ma ya rubuta maka Infinity saboda tazara ta zama sifili. Maganinsa, ka sa shi a cikin ɗan wasan da ake gani a fili, ka ƙara change x by 0 a ƙarshen zagayen. Ba zai matsa ba amma Scratch zai ɗauka an motsa, sai ya jira firam.

Yanzu danna koren tuta ka buga wasan kana kallon ma'ajin firam. Kar ka kalle shi a farko kawai ka ce alhamdulillah 30 ne, ka buga har inda kaya suka fi yawa a allo, can ne gaskiya take fitowa. Rubuta lambar a takarda, da abin da ke faruwa lokacin da ta faɗi. Wasan mangwaron nan yana farawa da 30 a tsohuwar kwamfutar ma, sai bayan kamar daƙiƙa 20 ya fara gangarowa, wannan kaɗai ya nuna min cewa akwai abin da ke taruwa a hankali, zan zo kansa.

Mataki na biyu, mayar da motsi kan daƙiƙa maimakon firam

Wannan shi ne zuciyar maganar gaba ɗaya, in ba ka ɗauki komai ba ka ɗauki wannan. Maimakon ka ce wa ɗan wasa matsa taku 10 duk firam, ce masa kake yi gudunka taku 300 ne a daƙiƙa, sai ka ninka da tazarar da muka auna:

change x by 300 * tazara

In kwamfuta na kan firam 30, tazara 0.033 ce, sai ya matsa wajen taku 10 kamar da. In ta faɗo 15, tazara ta ninka, sai ya matsa taku 20 a firam ɗaya. Hoton zai ɗan yi tsalle-tsalle a ido, wannan ba makawa, amma zai isa inda zai je a daidai lokacin da na kwamfuta mai ƙarfi zai isa. Kamar mutum biyu ne za su kasuwa, ɗaya gajeren taku da sauri ɗaya dogon taku a hankali, su iso tare.

Canja tsofaffin lambobinka ba wuya. Duk abin da yake gudu ne, ninka shi da 30. Taku 5 a firam ya zama 150, turn 3 degrees ya zama turn 90 * tazara. Inda mutane ke kuskure shi ne nauyin faɗuwa, abin nan da ke jawo ɗan wasa ƙasa bayan ya yi tsalle. Yawanci mukan sa change saurinY by -1 sannan change y by saurinY. Wannan -1 ɗin ba gudu ba ne, ƙarin gudu ne a kan gudu, saboda haka sau biyu ake ninka shi da 30, ya zama -900. Tsallen da ka saba sa wa 15 ya zama 450. Sai ka rubuta change saurinY by -900 * tazara, a ƙarƙashinsa change y by saurinY * tazara. In ka manta ka sa -30 kawai, ɗan wasanka zai yi tsalle ya tafi sama ya ƙi saukowa da wuri, in ka ga haka to nan ne.

Sai abu ɗaya da dole ka ƙara, iyaka. Wani lokacin kwamfuta takan daskare na ɗan lokaci, ko mai wasa ya koma wani shafin a birawza ya dawo, sai tazara ta fito daƙiƙa 1 ko fiye, ɗan wasa ya yi taku 300 a tashi ɗaya ya ratsa bango ya wuce ba tare da ya taɓa shi ba. Nan da nan bayan ka lissafa tazara da firam sai ka sa if tazara > 0.1 then set tazara to 0.1. Shi kenan, komai daskarewar da aka yi tsallen ba zai wuce na kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ba.

Wani zai ce ai akwai glide 1 secs to x y, shi ma da lokaci yake aiki. Gaskiya ne, kuma yana da kyau ga abin da ba ruwansa da mai wasa kamar gajimare ko rubutun buɗewa. Amma da zarar ya fara ba ka da ikon tsoma baki a wannan jerin sai ya gama, shi ya sa ba na so a sa shi ga abin da ake sarrafawa da maɓalli.

Mataki na uku, agogo ɗaya ga kowa

Yawancin wasannin yara in ka buɗe ciki zaka ga kowane ɗan wasa da forever ɗinsa uku ko huɗu, ɗaya na tafiya, ɗaya na duba taɓawa, ɗaya na canja kaya, kowa na gashin kansa. Yana aiki, amma ba ka san wa ke riga wa ba, kuma in matsala ta zo ba ka san inda zaka kama ba. Ni abin da nake sa yara su yi shi ne forever guda ɗaya tak a duk wasan, wannan da muka haɗa a mataki na ɗaya, a ƙarshensa a sa broadcast motsa. Kowane ɗan wasa kuma sai ya sami when I receive motsa, ya yi aikinsa na firam ɗaya ya tsaya, ba forever ba wait a ciki. Amfaninsa, kowa yana amfani da tazara iri ɗaya, kuma in kana so ka tsayar da wasa sai ka daina aika saƙon kawai, komai ya tsaya cak. Ka kula fa, in ka sa wait ko wani dogon repeat a ƙarƙashin when I receive ɗin, sabon saƙo zai zo ya mayar da shi farko kafin ya gama, sai ka ga rabin aikin ba ya faruwa.

Mataki na huɗu, gano wane bulo ne ke cin lokaci

Yanzu wasan yana gudu ɗaya ko'ina, amma in firam na kan 12 har yanzu ba daɗin bugawa. Sai a nemo mai laifi. Hanya mafi sauƙi ita ce cirewa ɗaya bayan ɗaya: janye wani jerin bulo gefe, danna tuta, duba firam, mayar da shi, janye na gaba. Wanda ka janye firam ya tashi, shi ne. A hankali ake yi, kuma abu ɗaya a lokaci ɗaya, in ka cire biyu tare ba zaka san wanne ne ba.

In kana so ka ga lambar da idonka, haɗa agogon gwaji. Je My Blocks ka danna Make a Block, sa masa suna gwaji, kafin ka danna OK ka sa alama a akwatin da aka rubuta Run without screen refresh. A cikinsa ka ajiye days since 2000 * 86400 a wani ma'aji mai suna farko, sai repeat 1000 da bulon da kake zargi a ciki, sai a ƙarshe ka cire farko daga sabon lokaci. Abin da ya fito shi ne daƙiƙun da maimaici 1000 ya ci. Dalilin maimaitawa da yawa shi ne agogon ba ya ganin abin da bai kai milisakan ɗaya ba. In aikin mai nauyi ne sosai rage zuwa 100.

A nan ne zaka gane dalilin da ya sa tun farko ban ce ka yi amfani da bulon timer ba alhali shi ya fi sauƙi. A Scratch 3.0 timer ba ya motsawa a tsakiyar firam, sau ɗaya ake sabunta shi a farkon kowane firam, to in ka auna aikin da ya fara ya ƙare a cikin firam ɗaya da shi, sifili zai baka ko da aikin ya ci lokaci. Shi kuwa days since 2000 duk sanda ka tambaye shi agogon kwamfutar yake dubawa kai tsaye. Timer yana da kyau wajen ƙirga daƙiƙa 60 na wasa, amma ba wajen awon bulo ba.

Mataki na biyar, masu laifin da aka saba kamawa

Na farkonsu kwafi, wato clone. Scratch ba ya bari su wuce 300 a lokaci ɗaya, in an kai nan create clone ya daina aiki shiru ba gargaɗi. A wasan mangwaro abin da ya faru shi ne duk mangwaron da ya faɗi ƙasa sai yarinyar ta sa masa hide, ta ɗauka ya tafi kenan. Bai tafi ba, yana nan a ɓoye yana ta zagaya forever ɗinsa yana duba ko ya taɓa kwando, kuma kowane sabon mangwaro ƙaruwa yake a kansu, shi ya sa wasan ke farawa lafiya ya yi ta nauyi a hankali. Bulo ɗaya ne maganin, delete this clone a maimakon hide. Ina baka shawara ka yi ma'aji mai ƙirga kwafi, ka ƙara 1 a when I start as a clone, ka rage 1 daf da gogewa, in ka ga lambar na hawa ba ta sauka to akwai inda ke yoyo.

Na biyu, kuma wannan na fi so a kula da shi, touching color. Yara na son shi saboda sauƙi, a zana bango baƙi a ce in ka taɓa baƙi ka tsaya. Amma don Scratch ya amsa wannan tambayar sai ya bi ɗigo-ɗigon hoton yana duba wane launi ne ke fitowa a wurin bayan an haɗa duk abin da ke kwance a kan juna, aiki ne babba, in kuma kwafi 50 ne kowanne na tambaya duk firam to ka ga inda lokacin ya tafi. Mayar da bangon ya zama ɗan wasa mai zaman kansa ka yi amfani da touching da sunansa, ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. In ma abin zagayayye ne kamar ƙwallo ko mangwaro, distance to kwando < 30 ya wadatar, wannan lissafi ne kawai ba duba hoto. Kar ka yarda da maganata haka nan, sa su ukun a agogon gwajin da muka haɗa ka ga bambancin a kwamfutarka.

Sai ma'ajin da aka bari suna nunawa a fili. Kowane ɗaya da ke canjawa duk firam sai an sake rubuta shi a allo, list kuwa ya fi muni. Cire alamar da ke gefensu a bar maki da lokaci kawai, har su yanzu da ɗazu da tazara ɗin namu a ɓoye su, firam kaɗai za a bari lokacin gwaji. Haka bulon say in yana canja rubutu duk firam.

Hotuna ma suna da nasu. Hoton vector mai lanƙwasa dubu da aka kwaso daga intanet, musamman in ana ta canja girmansa, yana wahalar da ƙaramar kwamfuta, danna Convert to Bitmap a wajen zane in ba ka buƙatar ya girma sosai. Su whirl da fisheye da mosaic masu jirkita kamannin hoto a sa su da dalili. In kuma abu ne da ba ya motsi kamar bishiyoyi ko tubalin bango guda 80, ba sai an yi musu kwafi ba, ɗauko Pen daga wajen ƙarin kaya ka yi stamp sau ɗaya a farkon wasa, hoton ya zauna ba ya cin komai. Sai dai shi hoton stamp ba a iya duba taɓa shi da suna, saboda haka na ado ne.

Mataki na shida, Run without screen refresh da haɗarinsa

Wannan akwatin da muka sa wa alama ɗazu yana daga cikin abubuwa mafi amfani a Scratch. Ka tuna na ce duk zagayen repeat sai ya jira firam in an motsa wani abu. To ka ce kana so ka jera tubali 60 a farkon mataki, ba tare da wannan alamar ba zai ɗauki firam 60, daƙiƙa 2 kenan mai wasa na kallo ana jera su ɗaya ɗaya. Da alamar, duk a firam ɗaya za su bayyana. Haka in ɗan wasa ya nutse cikin ƙasa kana so ka ɗago shi da repeat until not touching ƙasa, change y by 1, dole a cikin irin wannan bulon zaka sa, in ba haka ba za a ga yana tasowa a hankali kamar ana jan guga.

Haɗarin shi ne kar ka kuskura ka sa forever ko wait ko wani repeat until da ba lallai ya cika ba a ciki. Scratch zai riƙe komai har rabin daƙiƙa kafin ya saki a zana hoto, sannan ya sake riƙewa, sai wasan ya koma firam 2 a daƙiƙa, ko jan maɓallin tsayawa da ƙyar zaka danna. Kafin ka gwada sabon bulo irin wannan ka ajiye aikinka tukuna, musamman in wutar ba tabbas.

Maganar kiɗa da duk abin da ke buƙatar daidaito

Wannan ya shafi masu haɗa wasan bin kiɗa ko labari mai murya. In ka jera start sound da wait 0.25 seconds sau 100 kana tsammanin daƙiƙa 25 cif, ba zaka samu ba. Scratch yana duba ko jiran ya cika ne a bakin firam kawai, 0.25 kuma firam bakwai da rabi ne, ba rabin firam, sai ya kai takwas. Ɗan ƙarin nan ba a jin sa a bugu ɗaya, amma a bugu 100 ya haura daƙiƙa ɗaya da rabi, kiɗa na gaba hoto na baya. Gyaran shi ne ka daina cewa jira kaza, ka koma cewa jira sai agogo ya kai kaza. Yi reset timer a farko, ka yi ma'aji mai suna nagaba, duk zagaye ka yi change nagaba by 0.25 sannan wait until timer > nagaba. Ko wani bugun ya makara da ɗan kaɗan, na bayansa zai koma kan layi domin daga agogo ake lissafi ba daga bugun baya ba, kuskuren ba ya taruwa.

Turbo da TurboWarp

In ka riƙe Shift ka danna koren tuta zaka shiga Turbo Mode. Yara da yawa suna ɗauka wannan ne maganin nauyi, ba shi ba ne. Abin da yake yi kawai cire jiran nan na zanen hoto, sai zagaye ya yi ta gudu iya ƙarfin kwamfuta, yana da amfani ga aikin lissafi ko zane da Pen, amma kwamfutar da ta gaza ba zai ƙara mata ƙarfi ba, wasan da aka gina kan firam kuma haukacewa zai yi.

TurboWarp kuma wani abu ne daban, ba na MIT ba ne, wasu ne suka ɗauki Scratch suka gyara shi yadda zai juya bulo ɗinka zuwa JavaScript, yaren shirin da birawza ke aiki da shi, kafin ya gudanar, shi ya sa lissafi mai yawa yake gudu sosai a can. Ni babban amfanin da nake yi da shi gwaji ne. Yana da zaɓin firam 60. Loda wasanka a can ka kunna 60, in ka yi mataki na biyu daidai gudun komai zai zauna yadda yake sai dai ya ƙara santsi, duk abin da ka ga ya ninka gudu to ka manta ba ka ninka shi da tazara ba, koma ka nemo shi. Da haka muka kama kwandon yarinyar nan, mun gyara mangwaro mun manta kwando.

Kuma kar wani ya raina wannan ya ce ai Scratch na yara ne. LabVIEW da kamfanin National Instruments ya fitar tun 1986, wanda injiniyoyi ke haɗa shiri da shi ta hanyar jona akwatuna da wayoyi a allo, yana da zagaye na musamman mai kiyaye lokaci da kayan auna wane sashe ne ke cin lokaci. A Unreal Engine ma, wata babbar manhajar haɗa wasanni, masu haɗa wasa da Blueprint, wato tsarinta na jona akwatuna, akwatin Event Tick yana miƙo musu Delta Seconds duk firam, wannan ita ce tazarar da muka haɗa da hannunmu a mataki na ɗaya. Yaron da ya gane ta a nan, in ya je can ba baƙuwa ba ce a wurinsa.

Mataki na ƙarshe, gwaji a inda za a buga

Kar ka yi gwajin ƙarshe a kwamfutarka mai kyau. Nemi wadda ta fi kowacce rauni cikin waɗanda za a buga wasan a kansu. In laftof ce ka gwada tana jone da wuta, sannan ka zare caja ka sake gwadawa, domin da yawa suna rage ƙarfin kansu in sun koma kan batir don ya daɗe, kuma mu nan rabin ajinmu a kan batir ake yinsa in an ɗauke wuta. Gwada a ƙaramin fili, gwada a cikakken allo, shi ma yakan canja lamba. Rufe sauran shafukan birawza, ko ka yi amfani da manhajar Scratch da ake saukewa a kwamfuta wadda ba ta buƙatar intanet. Kowane gwaji ka bar wasan ya kai ƙarshe, ka rubuta mafi ƙarancin firam da ka gani. Ni in bai sauka ƙasa da 24 ba a mafi raunin kwamfuta ina barinsa haka, in ya sauka sai mu koma mataki na huɗu mu sake janye bulo ɗaya ɗaya.

Wasan mangwaron, gyara uku muka yi masa: tazara a kan mangwaro da kwando, delete this clone, da distance to a maimakon touching color. Asabar ɗin da ta biyo baya na sa yaro ɗaya ya buga sau uku a laftof ɗina, sau uku a tsohuwar ta lungu, makin ya fito kusa da juna, sai muka goge tsohon allon maki aka fara gasar daga farko.